Ranar da Akwatin Kaka Ya Buɗe Baki

Masu bibiyar wannan shafi, sannunku da haƙuri da ni. Na karanta duk abin da kuka rubuto a ƙasan rubutuna na baya, har da na baiwar Allahn nan da ta ce ni uba ne mai kishin 'yarsa, in je in ga likita. Ban ji haushi ba. Amma ki daure ki karanta wannan tukuna, sannan ki sake yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Halvard. A jirgin fito nake aiki, ni ne mai rigar ruwan ɗorawa da ke ɗaga wa motoci hannu su matsa gaba. Karatuna bai yi nisa ba. Matata Turid tana aiki a kantin magani, 'yarmu kuma ɗaya ce tal, Ingunn. Bayan su, abin da ya rage mini a duniya shi ne akwatin mahaifina.

Akwati ne na fata, in ka gan shi sai ka ce na ɗan kasuwar da ya karye ne. Amma a cikinsa akwai rediyon aika saƙo da karɓa, irin wanda mutanen Ingila suka riƙa jefo wa namu ta laima lokacin da Jamus ta mamaye mu. Mahaifina Torleif yana saurayi ya sha hawa duwatsu da shi a kafaɗa cikin ƙanƙara. Da yaƙi ya ƙare bai mayar ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Ya ci gaba da harkar rediyo har tsufa, da lasisinsa da lambar kiransa, amma da na'urorin zamani. Shi kuwa akwatin yana saman kanta a ɗakin katakon da ke ƙarshen lambunmu, tun ina yaro ban taɓa jin ya yi ko tari ba.

Bayan rasuwar tsohon ne Ingunn ta ce za ta yi jarrabawar lasisi don ta gaji lambar kakanta. Ta shiga kulob ɗin masu rediyo na garinmu, inda duk tsofaffi ne masu warin kofi. A kasuwar tsofaffin kaya da kulob ɗin ke ci ta haɗu da Sindre.

Likitan haƙori ne a birni. Dogo, mai tsabta kamar sabon faranti. Yana da ɗaki guda a gidansa cike da rediyoyin yaƙi a bayan gilashi, ba mai taɓawa. Tsofaffin kulob suna da sunan da suke kiran irinsu: ungulaye. Su ne masu bin sanarwar mutuwa a jarida, in mai rediyo ya rasu sai ka gan su a ƙofar matarsa da furanni, idonsu na kan tsanin da ke kaiwa ɗakin rediyonsa. Ni kuwa tun ina yaro na san ungulu ba ta jewar banza.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu, ya cire takalmi a ƙofa, ya miƙa wa Turid furanni, ya yaba labule. Kofi bai huce ba ya ce, "Halvard, wai gaskiya ne akwatin Torleif yana nan?" Da muka je ɗakin katako sai ya zaro farar safar hannu daga aljihu. Jama'a, ku gaya mini, wane saurayi ne ke zuwa gidan budurwa da safar hannu a aljihu?

Na faɗa wa Turid haka bayan ya tafi.

"Kai dai ba ka so yarinyar nan ta bar gidan nan," in ji ta, tana goge teburi kamar ya yi mata laifi. "Likita ne fa. Ka ga agogonsa? Ka ga yadda ya ja mata kujera? Kai yaushe rabon da ka ja mini ko da ƙofa?"

"Ya fi kallon akwatin da kallonta."

"To ita ma ai akwatin take kallo. Sun dace. Sarkin fito, ka bar abin da ya fi ƙarfin kanka, ka je ka jera motocinka."

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan zancen yake. A wani zuwan nasa, Ingunn ta tafi ɗauko mana waina da cuku, ya rage daga ni sai shi a gaban akwatin. Ya sunkuya yana shinshina cikinsa kamar mai sayen kifi. Ya ce, "Ba wanda ya taɓa shi, Halvard. Dalmar da aka liƙe wayoyin nan da ita tun ta masana'anta ce. Irin wannan bai fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar nan." Ya ba ni labarin wani mutum da ya samu irinsa, ya cire tsofaffin kayan ciki ya sa sababbi don ya yi aiki. "Jaki," in ji shi. "Ya kashe shi. A wurinmu, ranar da ka sa masa sabon abu ko guda, ya tashi daga tarihi ya koma tarkace. Ni ko gaisawa ba na yi da mutumin."

Amma da muka koma teburi, sai ya kama hannun Ingunn ya langaɓe murya. "Ina ma a ce wata rana in ji muryar da kakanki ya ji a kan dutse." Yarinya ta narke kamar man shanu a kasko. Ita ba ta ji maganar farko ba. Ni na ji duka biyun.

Da bazara ta ci jarrabawa, aka kuma ba ta lambar kakanta. Ta sauko kicin da gudu, gashi a hargitse, sanye da tsohuwar rigar ulun tsohon wadda ta kai mata gwiwa, ta rungume ni har kofi ya zube. Sannan ta rage murya don kada uwarta ta ji.

"Pappa, zan ba Sindre mamaki. Zan tayar da akwatin Kaka. Tsoho Oddvar na kulob ya ce abu ne mai sauƙi, 'yan ƙananan kayan ciki da ake kira kondensoci ne suka mutu, sai wayoyin da robarsu ta ruɓe. Ya ce rediyon da ba ya magana akwatin gawa ne. In na canza su, kirana na farko da shi zan yi, Sindre yana tsaye a gefena. Me ka gani?"

Masu karatu, kalma ɗaya ta ishe ni in hana. Na dube ta, idonta na ƙyalli. Zuciyata ta ce mini: Halvard, ga ma'auni ya zo har gida. In ita yake so, zai haɗiye. In akwatin yake so, yau ko gobe sai ta gani, gara ta gani kafin zobe.

Na ce, "Kakanki zai yi murna."

Ban tsaya nan ba. Ni na kai ta birni ta sayo kayan. Ni na riƙe mata fitila tana aiki, hayaƙin dalma na shiga mana hanci. Tana cire tsofaffin kondensocin nan masu kama da guntayen kyandir, duk sun yi gumi sun tsage, tana jefa su a wani tsohon gwangwanin kofi, tana maye gurbinsu da sababbi masu launin ruwan lemo. Har ta ce mini, "Pappa, riƙe fitilar da kyau mana." Na gyara riƙo.

Tana aikin, saƙonnin Sindre na shigowa wayarta a kan benci, ina gani da gefen ido.

"Zuciyata, kina ina?"

"Ina wani aiki na sirri."

"Kada dai ki bar akwatin nan a wuri mai laima. Ki gaishe mini da shi."

Ta yi dariya ta nuna mini. "Ka ji shi? Har akwati yake gaisarwa." Ni ban yi dariya ba.

Ranar Lahadin da aka shirya Sindre zai zo cin abinci, tun safe Turid ta hana kowa sakat. Ashe ya kira Turid ɗin a ɓoye ya ce yana da muhimmiyar magana da zai yi da Ingunn a gabanmu. Ta fito da farantan bikinmu masu bakin zinariya, ta shimfiɗa farin ƙyallen da uwarta ta saƙa, ta gasa naman rago da dankali, ta yi kek mai kirim. Ta tilasta mini sa taye. Ingunn ta sa doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni, ta ɗaure gashinta, ta maƙala 'yan kunnen azurfa na kakarta. Na daɗe ban gan ta da kyau haka ba, kuma kyan nata ya riƙa sukata a ƙirji.

Sindre ya iso da kwat mai ruwan toka. Da ya sunkuya cire takalmi na ga tudun ƙaramin akwati irin na zobe a aljihun ƙirjinsa. Turid ma ta gani, ta mintsine ni a hannu har na kusa yin ƙara.

Bayan an ci nama, ya gyara murya, ya kai hannu ƙirji. Sai Ingunn ta miƙe.

"Tsaya! Nawa tukuna. Kowa ya taso."

Muka bi ta cikin lambu, ana yayyafi. Sindre yana murmushi, yana tsallake ciyawa don kada takalminsa ya jiƙe. A ɗakin katako akwatin yana buɗe a kan benci, ta ja wayar eriya ta taga har kan bishiya. Da ya ga wayar, murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manna shi.

"Ingunn, me ke nan?"

"Yi shiru ka ji."

Ta murɗa makunni. Ƙananan kwalaben gilashin da ke cikin rediyon suka fara ja a hankali kamar garwashi, wani ƙamshin ƙura mai zafi ya tashi. Ta ɗora abin ji a kan benci don kowa ya ji. Sai ga shuu, kamar teku daga nesa. Ta zauna, ta ɗora yatsu a kan maɓallin da kakanta ya riƙe cikin ƙanƙara, ta fara ƙwanƙwasa lambarsa. Tana yi tana cije leɓe, don ba ta gama ƙwarewa ba. Ta tsaya. Shiru. Can sai ga amsa, siririya, daga tsallaken ruwa, cikin ƙarar tit-tit irin wadda masu rediyo ke fassarawa.

"Oddvar ne!" Hawaye ya zubo mata. "Ya ce, barka da zuwa, jikar Torleif. Ya ce ya yi kewar wannan lamba."

Wallahi ni ma na manta da komai, na ji kamar tsohon zai turo ƙofa ya ce a rage hayaniya.

"Kashe shi."

Muka juya. Sindre ya yi fari fat.

"Na ce ki kashe shi!" Ya fizge wayar wuta daga bango da kansa. Kwalaben suka dushe. Ya zaro ɗan sukudireba daga cikin mukullansa, ko safar hannun bai tsaya sawa ba, ya kwance murfin. Ya daɗe yana kallon sababbin kayan nan masu ruwan lemo.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji ta, tana murmushi cikin hawaye, don har lokacin ba ta gane ba. "Ni kaɗai, da hannuna. Kai ka ce kana so ka ji muryarsa."

"Magana ce! Magana ce irin wadda ake yi wa mace a kan teburi!" Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kin san abin da kika yi? Kin samu tsohuwa da haƙoranta na asali cif, kin fige su kin dasa mata na roba. Abin nan ya tsallake sojojin Jamus, ya tsallake ƙanƙara, ya tsallake shekaru tamanin a wannan akurkin, amma bai tsallake ki ba."

"Sindre, ɗana," in ji Turid, "mu koma ciki, ga kek can..."

"Turid, don Allah." Ko kallonta bai yi ba. "Jiya-jiya aka ba ki takarda, har kin ɗauka kin zama injiniya? Dubi liƙin nan. Kamar kaza ta yi kashi a kai. Wata nawa ina zirga-zirga a jirgin ubanki, ina shan kofin nan mai ɗaci, ina sauraron labarin makarantar yaran da kike koyarwa, wane ya ciji wane, wane ya yi fitsari a wando. Kin ɗauka daɗinsa nake ji?"

Yayyafi na ta ƙara a kan kwano. Na dubi Ingunn. Hannunta na kan maɓallin har lokacin.

Ga abin da zai sa ku tsane ni. A daidai wannan lokacin, da 'yata ke tsaye kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara, abin da na fara ji a raina daɗi ne. Daɗin mai gaskiya. Sai da na dubi fuskarta sosai daɗin ya koma mini toka a baki.

Sindre ya fita. Na bi shi har bakin ƙofar lambu, ina so in faɗa masa maganar da zai tuna har kabari. Amma shi ya riga ni. Ya tsaya yana gyara kwat, ya sassauta murya kamar muna cinikin mota.

"Halvard, kai namiji ne, bari mu yi magana ta hankali. Tsofaffin kayan da ta cire, in suna nan duka, ana iya mayar da su. Na san wanda zai yi aikin yadda ba mai ganewa. Ka nemo mini su, ni kuma in manta da yau." Ya dafa aljihun ƙirjinsa. "Wannan yana nan, bai je ko'ina ba."

"'Yata ce gyara a kan akwati ke nan?"

"Kai ka faɗa. Ni cewa na yi kowa zai samu abin da yake so."

Motarsa na ɓacewa na koma ɗakin katako. Ba kowa, sun shige gida. Gwangwanin kofin yana ƙarƙashin benci. Na ɗauke shi na rufe da kwat, na rasa inda zan kai shi, don Turid ta san kowane lungu na gidan nan. Sai na buɗe motarmu na tura shi ƙarƙashin kujerar direba. Na ce gobe in jirgi ya kai tsakiyar ruwa, in jefa shi, shi ke nan.

Na shiga na tarar da Ingunn a kan tsani, ta haɗa kai da gwiwa, uwarta na shafa mata baya. Na ɗauka zan ji tana tsine masa. Na ɗauka za ta ce, Pappa, ashe ka yi gaskiya. Abin da na ji shi ne:

"Laifina ne, Mamma. Ya fi kowa sanin darajar abin, ni kuma na lalata. Ransa ne ya ɓaci, ba haka yake ba."

"Haka ne," in ji Turid. "Maza in sun fusata ba su san abin da suke faɗa ba. Tambayi ubanki."

"Kun ji abin da ya ce kuwa?" na ce. "Kunnuwanku na wurin?"

"Kai rufe mana baki," in ji Turid. "Tun farko bakinka ne ya kama abin nan."

Sai wayar Ingunn ta yi ƙara. Ta karanta, ta miƙe zumbur, ta juyo mana da fuskar wayar.

"Na yi zafi da yawa. In tsofaffin kayan suna nan, ki kawo mini su tare da akwatin yau. Daga nan sai mu yi maganarmu."

Ko haƙuri bai ba ta ba, amma ita sai ka ce an yi mata bushara. Ta ruga ɗakin katako ba takalmi. Muna jin tana ture kwalaye. Ta dawo tana haki.

"Pappa, gwangwanin kofin nan. Yana ƙarƙashin benci. Ka gan shi?"

Na dubi 'yata ido cikin ido na ce, "Na zuba a shara tuntuni. Na ɗauka tarkace ne."

Ban san za ta yi abin da ta yi ba. Ta fita cikin ruwan sama da shuɗiyar rigarta, ta kifar da babbar robar shara a kan tsakuwa, ta durƙusa. Ƙashin rago, ɓawon dankali, kan kifin shekaranjiya, garin kofi, duk ta riƙa tonawa da hannuwan da suka tayar da akwatin kakanta. Ɗan kunne ɗaya ya faɗi cikin ƙazantar, ba ta ma sani ba. Matar maƙwabcinmu ta ɗaga labule tana kallo. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da taye a wuya, motar tana gefenta, taku kaɗan tsakaninta da abin da take nema.

"Halvard, ka je ka taya ta mana!" in ji Turid. "Wane irin uba ne kai?"

Na kasa motsi. In na fito da shi, na miƙa ta ga mutumin da zai ajiye ta a bayan gilashi, ko ma a bayan ƙofa. In na yi shiru, ga ta nan a cikin shara saboda ni.

Can ta miƙe, rigar ta manne mata a jiki, gwiwoyinta baƙi ƙirin. Ba ta kuka kuma. Ta shiga ɗakin katako ta fito rungume da akwatin, ta lulluɓe shi da rigar ulun kakanta don kada ya jiƙe.

"Zan kai masa haka nan. In roƙe shi. Pappa, ba ni mukullin mota."

"Ba za ki tuƙa mota a wannan halin ba. Bari in kai ki."

"Ba na son ka kai ni. Kai ba ka taɓa ƙaunarsa ba."

"To ki bari sai gobe."

Ban rufe baki ba Turid ta zare mukullin daga ƙusa ta danƙa mata. "Je ki, 'yata. Ki yi masa magana mai daɗi."

Ta kwantar da akwatin a kujerar baya kamar jariri. Ta shiga gaba. Ni dogo ne, ita gajera, ƙafarta ba ta kai inda tawa ke kaiwa. Na ga ta sunkuya, ta kai hannu ƙarƙashin kujera tana laluben ƙarfen da ake ja a matso da ita.

Kujerar ba ta matsa ba. Hannun nata ma bai fito ba.

Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ɗago a hankali, ta dube ni ta cikin gilashin da ruwa ke bi, ta sauke shi ƙasa.

"Pappa," in ji ta, a natse, da muryar da ban taɓa ji a bakinta ba. "Ranar da ka riƙe mini fitila, ka san haka zai yi?"